Bayanin Fita da Iyali Ganin Ƙasar Noman Rani, daga Kumbotso zuwa Tiga

Mutumin Kano ba baƙon hanya ba ne. Ɗan kasuwa ya san Legas da Anaca da Agadas, malami kuwa ya yi gabas ya yi yamma wajen neman karatu. Amma in aka bincika, sai a tarar da yawa cikin waɗannan matafiya ba su taɓa ɗaukar iyalinsu sun fita da su bayan gari don ganin ƙasa kawai ba. In an ga mace da yara cikin mota, to, ko biki za su, ko ta'aziyya, ko asibiti. Yaro ya tashi a Sheka ko Panshekara, kullum yana cin shinkafa da miyar tumatir, bai taɓa ganin ko ɗaya a tsaye cikin gona ba, alhali kuwa inda ake noma su bai kai tafiyar sa'a guda daga ƙofar gidansu ba.

Wannan bayani an yi shi ne don maigidan da ke da mota, ko yake iya ɗaukar shata, yana kuwa so ya kai iyalinsa su ga ƙasar Kura da Bunkure a cikin natsuwa. Ƙa'idar shirin guda ɗaya ce, sauran duka rassanta ne: ana auna tafiyar iyali da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a cikin motar, watau jariri ko tsohuwa. In an kiyaye wannan, tafiya ta yi daɗi. In an saɓa, sai a komo gida da kukan yara da ɓacin ran manya, kowa ya ce ba ya ƙarawa.

Fasali na farko: siffar hanya

Hanyar kamar zobe take, ba sai an komo ta inda aka bi ba. Daga Kumbotso sai a fito titin Zariya, a fuskanci kudu, a haye gadar kogin Calawa a Tamburawa. Daga nan sai Karfi, sai Kura, wadda ba ta kai kilomita 40 daga birnin Kano ba. Gaba da Kura sai ƙasar Garun Malam, inda Kadawa da Kwanar Gafan da Ciromawa suke. In an wuce waɗannan, sai a bar titin Zariya a karya hagu, a bi ta Bagauda har Tiga, wadda ke kimanin kilomita 70 daga birni. Daga Tiga akwai hanyar da ta bi ta Rurum ta shiga Rano. Daga Rano kuwa sai a juyo arewa, a ratsa Bunkure, a sake faɗowa titin Zariya a Karfi. Jimlar zagayen duka bai kai kilomita 200 ba.

Direban haya zai ce wannan ai aikin sa'a uku ne ko huɗu, kuma gaskiyarsa. Amma wanda ya fito da iyali ba isa wani wuri ya kawo shi ba, gani ya kawo shi, gani kuwa sai da tsayawa. Saboda haka abin da ya fi kyau shi ne a raba zagayen kwana biyu, a kwana a Rano ko kusa da ita, wurin ɗan'uwa ko abokin ciniki ko wani malami da aka yi zaman tsangaya tare. Sai a aika masa tun da sauran mako guda, a gaya masa yawan mutanen da ke tafe, don kada a ɗora masa nauyi ba shiri. Wanda ba shi da mai masauki a can, kada ya dogara ga cewa zai sami ɗakin haya in ya isa. Gara ya yanka tafiyar gida biyu: rana ɗaya Kura da Kadawa, a komo, wata ranar dabam Bunkure da Rano da Tiga, a komo.

Fasali na biyu: asalin ruwan

Kafin a tashi ya kamata maigida ya san labarin abin da za a gani, domin yara za su tambaya, kuma abin kunya ne a rasa amsa.

Dā ƙasar nan noman damina kaɗai ta sani, sai ɗan lambu a bakin fadama da ake ba shi ruwa da jigo. Da aka yanke Jihar Kano a shekarar 1967, gwamnanta na farko, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, ya mai da hankali ga tare ruwa. Aka fara da ƙaramar madatsa a Bagauda, aka gwada noman rani a Kadawa da ruwanta. Sa'an nan aka ɗaura aikin babbar madatsa a kan kogin Kano a Tiga a shekarar 1971, aka gama a 1974, daidai lokacin da babban fari ya addabi ƙasashen arewa har Nijar da Cadi. Ganuwar madatsar ta ƙasa ce da duwatsu, tsawonta kimanin kilomita 6, tafkin da ta tara kuwa in ya cika faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 170. A shekarar 1976 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. Abin da aka tsara shayarwa a kashi na farko hekta 22,000 ne, watau sama da eka 50,000.

Abin mamaki a wannan aiki shi ne, ba inji ke tura ruwan ba. Tiga tana bisa tudu, gonakin suna ƙasa, saboda haka ruwa da kansa yake gangarowa ta babbar magudana zuwa matarar Ruwan Kanya, daga nan ya rabu reshe-reshe, babba ya ba ƙarami, ƙarami ya ba wanda ya fi shi ƙanƙanta, har ya kai bakin kunyar manomi. Wanda ya bi hanyar da aka siffanta a sama, ruwan yake bi daga reshe zuwa tushe: ya fara ganinsa siriri cikin gona a Kura, ya ƙare da ganinsa kamar teku a Tiga.

Ya kamata kuma a gaya wa manyan yara ɗaya gefen labarin. An tashi ƙauyuka kafin tafkin ya cika, gidajen mutane da gonakinsu suna ƙarƙashin ruwan nan. Har wa yau, kogin Kano da na Calawa su ne ke haɗuwa su gangara ta Wudil su zama kogin Haɗeja, wanda ke malala fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya nufi Tafkin Cadi. Tun da aka tare Tiga, aka kuma tare Calawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ambaliyar da manoma da masunta da makiyayan can suka dogara gare ta ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa da yawa. Yaron da ya ji wannan zai gane ruwa haƙƙi ne da ake tarayya a cikinsa, in na sama ya yi ɓarna, na ƙasa ne ke shan wahala.

Fasali na uku: zaɓen lokaci

Mafi kyawun lokaci shi ne tsakiyar hunturu, daga ƙarshen watan Disamba zuwa Fabrairu. A sa'an nan ko'ina a ƙasar Kano ya bushe, karan dawa ya zama fari, amma da an haye gadar Tamburawa an ɗan taɓa tafiya sai ido ya faɗa kan kore shar. Alkamar da aka shuka a Nuwamba da Disamba ta rufe ƙasa, tumatir ya fara nuna, ga albasa ga masara ga rake. Rana ba ta da zafi, tsoho da jariri suna iya zama cikin mota ba galabaita. Bazara ba ta dace ba, don zafin Maris da Afrilu yana kwantar da yara. Damina kuwa, ko da shinkafa tana da kyawun gani, hanyoyin cikin gona suna caɓewa, ƙaramar mota sai ta kafe.

Game da rana, Alhamis ta fi. Makarantun allo suna hutu, kuma an san Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana son fita tafiya ran Alhamis. Matsalar ita ce 'yan boko, waɗanda hutunsu Asabar da Lahadi ne. Maganin wannan shi ne a nufi hutun ƙarshen shekara na makarantun boko, a ɗauki Alhamis ɗin da ta faɗo cikinsa, sai kowa ya samu ba wanda aka tsinke wa karatu. In tafiyar ta kwana biyu ce, rana ta biyu ta zama Jumma'a ke nan, sai a shirya a yi sallar Jumma'a a Rano ko a Bunkure kafin a kamo hanyar gida.

Kada a yi sammakon asuba. A hunturu hazo yana rufe hanya da sassafe, sanyi kuma yana cutar ƙirjin yara, ga manyan motocin da suka kwana suna tafiya, direbobinsu barci ya cika musu ido. Sai a bari rana ta ɗaga, yara sun karya kumallo, wajen ƙarfe 8 a tashi. Haka kuma a ƙudurta cewa magariba ba za ta riski mota a kan hanya ba. Rana tana faɗuwa a wannan lokaci wajen ƙarfe 6 da 'yan mintoci, saboda haka ƙarfe 5 ta yi wa mutum a masauki ko a gida.

Fasali na huɗu: mota da guzuri

Ana jibi za a tashi sai a kai mota wurin bakanike, ya duba birki da baƙin mai da ruwan lagireto da fitilu. A duba tayoyi huɗu, a duba safaya ko tana da iska, a tabbata jak da sifana suna cikin but. Takardun mota da lasin su zama a hannu, ba waɗanda suka ƙare ba. A sha mai tun daga birni. Ƙaramar mota mai lafiya lita 20 tana isarta wannan zagaye, amma a ƙara wani abu a kai saboda ratse. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kuɗin mai ya zama shi ne mafi nauyin abin da za a kashe, saboda haka 'yan'uwa biyu suna iya haɗa kuɗi su ɗauki bas guda, ya fi sauƙi, kuma in wani abu ya faru akwai namiji na biyu.

Kada a cusa mutane fiye da kujeru. Yaro ba ya zama a gaba, balle a kan cinyar direba. Kowa ya ɗaura bel. An sake gina titin Kano zuwa Zariya an buɗe shi a 2023, ya yi sumul, sumul ɗin nan kuwa shi ke ruɗin matuƙi ya taka mota. Garuruwan da ke bakinsa cike suke da masu talla da babura da yara masu tsallakawa, wani lokaci har da mai tahowa ta hannun da ba nasa ba. Wanda ya ɗauko iyalinsa ya riƙe gefen dama, ya bar masu sauri su wuce.

Guzuri aikin uwargida ne, shawara da ita kuwa tun farko wajibi ce, don ita ta san wanda ke amai a mota da wanda ba ya jure yunwa. A ɗauki abincin da ba ya lalacewa da wuri, kamar dambu da soyayyen nama da ƙuli-ƙuli da dabino, da shayi a fulas. A cika jarka biyu da ruwan gida, ɗaya ta sha ɗaya ta alwala. A sa tabarma biyu, da buta, da sabulu, da rigunan sanyi, da man shafawa saboda kaushi, da maganin wanda ke shan magani kullum. A canjo ƙananan kuɗi, domin mai talla a bakin hanya ba ya rasa cewa ba shi da canji. A bar wuri a but, don ba za a komo hannu wofi ba.

Fasali na biyar: zango-zango

Zango uku sun isa yini guda. Abin da ya wuce haka gajiya ce.

A Tamburawa ba sai an sauka ba, sai dai a rage gudu a nuna wa yara kogin, a gaya musu nan kusa akwai matatar da ke ba birnin Kano ruwan famfo. A Karfi ne za a fara tsayawa kaɗan. Garin ya shahara da ɗanyar masara, ga gasasshiya ga dafaffiya, har a watannin da babu ita a sauran wurare, albarkacin ruwan Tiga. A kauce daga kan kwalta sosai kafin a buɗe ƙofa, yara kuwa su zauna cikin mota, babba ɗaya ya fita ya sayo.

Zango na farko na sosai shi ne Kura. Yau an san ta da shinkafa: injinan casa, da shanshera da aka baza tana shan iska, da matan da ke turara ta a cikin gidaje. Ɗan kasuwa zai so ya taya buhu ya gwada da farashin Dawanau ko Singa. Amma tun kafin shinkafa sunan Kura ya kai hamada saboda rini. Baƙin yadin nan mai ƙyalli da ake rinawa da baba, a buga shi a kan gungume har ya yi walƙiya, wanda Buzaye ke naɗawa, ana ce da shi ɗan Kura har a Agadas da abin da ke gaba da ita. Wanda ya yi tambaya cikin gari da ladabi ba zai rasa dattijon da zai nuna masa karofi da mabuga ba. A nan ne kuma ya fi sauƙi mata su sami gidan da za su shiga su kama ruwa, in akwai sani a garin.

Zango na biyu shi ne gonakin Kadawa. A nan ne za a sauka a taka ƙasa. A sami inuwa nesa da babbar magudana, a shimfiɗa tabarma, a ci abinci. Yara su ga yadda manomi ke ɗora lanƙwasasshen bututu a kan gaɓar ƙaramar magudana, ruwa ya hau da kansa ya zuba cikin kunya. Su ga belbela tana bin bayan mai huɗa, su ga zalɓe a tsaye cikin ruwa. A nuna musu gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. A Kadawa akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote, wadda aka buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir na arewa.

Kasuwar Kwanar Gafan tana nan kusa. In kakar tumatir ta kama, kwanduna ne jere iyakar ganin ido, ana loda su a manyan motoci zuwa Legas da sauran biranen kudu. Wuri ne da ɗan kasuwa zai ƙaru da darasi a kan kayan da ba ya jiran gobe: in ya yi yawa farashi ya faɗi warwas, har manomi ya gwammace ya yanka shi ya shanya ya zama kauɗa. Amma ba wurin sakin yara ba ne, saboda motoci suna ja da baya ba sa ganin na ƙasa. Maigida ya shiga da babban ɗansa, sauran su jira a nesa.

A Bagauda sai a waiwaya a ga tafkin, a gaya wa yara sunan na sarkin Kano na farko ne a cikin tarihin sarakunan Haɓe. Masaukin baƙin da aka gina a bakin tafkin daga baya ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya.

Zango na uku shi ne Tiga. A isa bayan azahar, a nemi izini wurin masu gadi kafin a hau ko a ɗauki hoto, a tsaya inda suka ce a tsaya. Daga bisa ana ganin ruwa har inda ido ya gaza, ga duwatsu, ga jiragen masunta. Ana samun karfasa da tarwaɗa, ɗanye da soyayye da banda. Sa'a ɗaya ko biyu ta isa, sai a kama hanyar Rurum tun rana tana sama.

Kashegari ta Rano ce da Bunkure. Rano tana cikin Hausa Bakwai, sarkinta ana yi masa kirari da Autan Bawo, kuma a cikin rabon ayyukan da labarin dā ya ambata, ita da Kano su ne sarakunan baba, watau masu rini. Wannan ya haɗu da abin da yara suka gani jiya a Kura. Ƙasar tana da manyan duwatsu masu kyawun gani da safe. Daga nan zuwa Bunkure hanya ba ta da cunkoson titin Zariya, gonakin rani suna dama da hagu, nan ne za a sayi albasa da tumatir da rake na tsaraba, tun da gida ya kusa ba za su lalace ba.

Fasali na shida: hukuncin salla a wannan tafiya

Sau da yawa akan yi gardama cikin mota a kan ƙasaru. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai baridi 4, watau mil 48, abin da mafi yawan malaman wannan zamani suka ƙiyasta da sama da kilomita 80. Kuma tafiyar zuwa ake lissafawa, ba a haɗa ta da komowa. Tiga, wadda ita ce mafi nisa, ba ta kai wannan ba. Saboda haka mutumin Kumbotso zai cika sallarsa raka'a huɗu-huɗu a Kura da Tiga da Rano. Haɗa azahar da la'asar kuwa an yi rangwame a kansa ga matafiyin tudu ko da tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba, amma wanda ya fito don hutawa ba abin da ke korarsa, kowane gari kuma da masallaci a bakin hanya. Abin da ya fi shi ne a sa lokutan salla su zama su ne lokutan sauka: azahar a Kadawa ko Ciromawa, la'asar a Tiga, magariba a masauki. Ta haka direba ya huta, yara sun miƙe ƙafa, ba a kuma yi wasa da lokaci ba.

Fasali na bakwai: haɗarin ruwa da haƙƙin masu gona

Ruwan da aka fito gani shi ne abin da ya fi komai haɗari a tafiyar. Babbar magudana tana da zurfi, ruwanta yana gudu fiye da yadda ido ke gani, gefenta kuma santsi gare shi, wanda ya zame ba ya samun abin kamawa. Yaran garin suna iyo a ciki don sun saba, ɗan birni in ya gani sai ya so ya gwada. Tilas a raba yara tun a mota, kowane ƙarami a damƙa shi ga babba guda da sunansa, don in an ce kowa ya lura, ba wanda ke lura.

Ko inda ruwan ba shi da zurfi kada a bar yara su shiga. Ruwan da ke kwance ko yake tafiya a hankali yana da ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke huda fata ta shiga jiki, bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Ta fuskar fiƙihu ruwan magudana mai tsarki ne muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita ba, amma tsarki dabam, lafiya dabam. Don haka ne aka ce a taho da ruwan alwala daga gida. Haka nan tumatir da aka tsinko daga gona, kada a ci sai an wanke, saboda maganin feshi.

In masu jirgi a Tiga suka yi tayin zagayawa da iyali, maigida ya dubi jirgin, ya dubi yawan mutane, ya tambayi rigar ruwa. In babu, ya haƙura. Mutanen Kano ba su manta da abin da ya faru a Bagwai a ƙarshen Nuwamba na 2021 ba, ranar da jirgin da aka cika maƙil ya kife a tafkin Watari, mutane da yawa suka rasu, akasarinsu yara 'yan makarantar Islamiyya.

Sa'an nan a tuna gona ba filin Allah-ba-ku ba ce, dukiyar wani ce da ya zuba kuɗin iri da taki da haya. Ba a shiga sai da sallama da izini. A bi kan gaɓa, kada a taka kunya. Kada yaro ya tsinki ko ɗa guda sai mai gona ya miƙa masa, in kuwa ya yi kyauta a saka masa da sayen wani abu, ko a ba 'ya'yansa abin da aka zo da shi. Kada a taɓa ƙofar ruwa, domin rabo ake yi, buɗe ta ba bisa ƙa'ida ba yana iya hana wani manomi ruwan yininsa. Kada a yi bawali ko bayan gida a cikin ruwa, ko a kan hanya, ko a inuwar da mutane ke hutawa, wannan sananne ne ga kowane almajiri. Leda da robar ruwa a tattara su a komo da su gida, don su ne ke toshe magudana, dabba kuma in ta haɗiye ta mutu. Kada a ajiye mota inda za ta tare wa amalanke ko tarakta hanya.

Rufewa

In an komo gida, bayan an huta, sai maigida ya tara yara ya tambaye su ɗaya-ɗaya abin da suka gani: daga ina ruwan ya fito, ina ya nufa, wa ya noma shinkafar da ke cikin tukunya. Wanda ya iya rubutu ya rubuta sunayen garuruwan bi da bi, da ajami ko da boko. A raba tsaraba ga maƙwabta, a kira mai masauki a yi masa godiya da bangajiya. Abin da ba a samu gani ba a wannan karo, a bar shi sai hunturu mai zuwa, Tiga ba ta tashi.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya, Ya sa albarka ga manoma da abin da suka shuka. Amin. Haza wasalamu.